Ɗan kwangila na neman ciko, banɗakina kuma na tara ruwa

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Wata huɗu da suka wuce na ba wani ɗan kwangila gyaran gidanmu: ya sake banɗaki biyu, ya sa tayil a falo, ya canja kwanon da ke yoyo a ɗakin yara, ya yi fenti. Da baki muka yi jinga, ba mu rubuta komai ba, don abokin ƙanina ne. Na ba shi rabin kuɗin kafin alƙalami, daga baya na ƙara, yanzu kashi 70 cikin 100 na hannunsa. Ya ce ya gama, amma ruwa na kwanciya a banɗaki ɗaya, wasu tayil ɗin falo suna ƙara in an taka, fentin bangon da ke jikin banɗaki kuma ya fara kumbura. Da na yi magana sai ya ce in fara biyansa ciko, har da ƙari, wai da ya fasa bango ya tarar bututun ruwa sun ci tsatsa ya canja su, katakon rufi ma gara ta cinye. Ni ban tuna ya faɗa mini kuɗin wannan ba. Na ce ba zan ba shi ko sisi ba. Shekaranjiya leburorinsa biyu suka zo ƙofar gida suna cewa ba a biya su ba, shi kuma ya turo saƙo wai zai zo ya cire ƙofofin da ya sa. Maigidana ya yi tafiya, ƙanina kuma ya ce in biya kawai a zauna lafiya. Anti, me zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na ji zafin da ke cikinta. Mutum ya tara kuɗi da ƙyar, ya jure ƙura da bugun guduma wata huɗu a gidan da yake kwana, sannan ya shiga banɗakin da ya biya ya tarar ruwa ya kwanta a lungu ya ƙi tafiya. Kina da gaskiyar yin fushi. Amma zan faɗa miki abin da ba lallai ya yi miki daɗi ba: "ko sisi" ɗin nan da kika ce, ki janye shi. Shawarar ƙaninki ma ta ki biya duka ban goyi bayanta ba, don ranar da cikon nan ya shiga aljihun mutumin nan, ranar kika daina samunsa a waya. Abin da nake so ki yi shi ne ki riƙe kuɗi daidai gwargwadon abin da ya lalace, da lissafi a hannunki, sauran ki sake shi.

Abin da ya dagula zancen, kuɗi iri uku ne suka cakuɗe kuke ja-in-ja a kansu kamar abu ɗaya. Akwai ladan aikin da ya yi kuma ya yi kyau, wanda ke kanki ba ki yi ƙorafi a kansa ba: banɗaki na biyu, fentin sauran ɗakuna, tayil ɗin da suka zauna. Akwai abin da za a kashe a gyara inda ya ɓata. Akwai kuma ƙarin da yake nema na bututu da katako. Muddin ba a raba su ba, shi zai riƙa yawo yana cewa kin cinye masa gumi, ke kina cewa ya cuce ki, kuma kowannenku akwai ƙamshin gaskiya a bakinsa.

Wannan rigima tsohuwa ce, kotuna sun daɗe da yi mata ma'auni. A 1952 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke wata shari'a da har yau ake koyar da ita ga masu karatun lauya, ta Hoenig da Isaacs. An yi jinga da wani ya ƙawata gida ya sa kayan katako a kan fam 750. Mai gidan ya biya 400, ya riƙe 350, ya ce aikin bai yi ba. Da aka duba, aibin yana jikin ƙofar wardirof da kantar littattafai, kuma gyaransu bai kai fam 56 ba. Kotu ta ce ya biya cikon, a cire kuɗin gyaran kawai. Bayan shekara 20, a 1972, aka kawo wata, Bolton da Mahadeva: an sa na'urar ɗumama gida a kan fam 560, ta ƙi ɗumama gidan yadda ya kamata, ga hayaƙi tana fitarwa, gyaranta kuma zai ci wajen fam 174, kusan kashi ɗaya cikin uku na jingar. Nan kotu ta ce mai aikin bai cika alkawari ba, bai cancanci kuɗin jingar ba. Kin ga ashe abin da alƙali ke tambaya shi ne girman ɓarnar idan aka auna ta da girman aikin. Ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila a kan wannan tunani suke tafiya. Ke a yanzu ba ki san ko taki ta fi kama da ta farko ko ta biyu ba, domin ba a auna ba. To a auna.

Gani ya kori ji, kuma da yawa daga cikin awon nan da hannunki za ki yi shi. Ki ɗauki makulli ko tsabar ƙarfe da alli, ki durƙusa a falo, ki bi tayil ɗaya bayan ɗaya kina ƙwanƙwasa tsakiya da kusurwoyi huɗu. Wanda ya zauna a kan siminti sosai, sautinsa gajere ne mai nauyi. Wanda akwai rami a ƙarƙashinsa zai amsa miki kamar kin bugi ƙwarya. Yawanci hakan na faruwa ne idan mai sa tayil ya ɗiga siminti gutsi-gutsi maimakon ya shimfiɗe shi ko'ina, kuma irin wannan tayil shi ne wanda ƙafar kujera za ta fasa nan da 'yan watanni. Duk wanda ya yi ƙara ki sa masa alama da alli, ki ƙirga. Tayil 9 cikin 200 magana ce daban da tayil 90 cikin 200. Na farko a ɓamɓare a sake, na biyu falon ne gaba ɗaya.

Ki shiga banɗakin da bokiti cike da ruwa, wani ya riƙe waya yana ɗaukar bidiyo. Ki zuba daga bakin ƙofa ki tsaya ki kalla. Ƙasan banɗaki ana karkata shi ne zuwa magudana, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, yadda ruwa zai bi da kansa. Idan ya juya ya nufi wani lungu ya kwanta, an kuskure karkatar, kuma babu dabarar da za ta gyara wannan sai an ɗaga tayil ɗin an sake shimfiɗar ƙasa. Kada ki yarda a ce miki za a ƙara siminti a lungun.

Fentin da ya kumbura shi ya fi damuna, don yawanci danshi a bayan fenti ne ke sa shi kumbura. Ko dai an shafa shi a kan filastar da ba ta gama bushewa ba, wannan mai sauƙi ne, ko kuma ruwa na tsattsafowa a cikin bango. Ga yadda za ki gane: da dare ki rufe duk famfunan gidan, a hana kowa taɓa ruwa, ki yi alama a inda ruwan tanki ya tsaya ko ki rubuta lambar mita. Da asuba ki duba. Idan ya ragu, akwai inda yake zuba. Ki lura da wani abu a nan: shi da bakinsa ya ce ya canja bututun cikin bangon nan. Idan haka ne, mai yiwuwa yoyon daga mahaɗar da ya ɗaura yake fitowa. Ba zai nemi kuɗin sabon bututu sannan ya ce ruwan da ke fita daga cikinsa ba ruwansa ba.

Bayan kin gama naki, ki kira wanda ya san aiki ya duba ya rubuta miki abin da gyaran zai ci: injiniyan gini, ko mai ƙiyasin kuɗin gini, ko tsohon magini mai mutunci. Ki biya shi ladan dubawa, ki kuma faɗa masa tun farko cewa ba shi za a ba gyaran ba. Wanda ke hangen aikin zai zo hannunsa, ko'ina ya kalla ɓarna zai gani. In da hali ki samu ƙiyasi biyu. Kuma ina roƙonki, kada ki bari kowa ya ɓamɓare ko tayil ɗaya kafin a ɗauki hotuna masu kwanan wata, shi ɗan kwangilar kuma ya zo ya gani da idonsa. Mutane da yawa a nan suke zubar da hujjarsu: haushi ya sa su kira wani ya gyara cikin mako guda, in aka zauna sulhu sai mai aikin farko ya ce a nuna masa, babu abin nunawa.

Yanzu maganar ƙari. Zan yi masa adalci a nan, ke ma ina so ki yi masa. Abin da ya faɗa yana faruwa ƙwarai. Tsohon bututun ƙarfe daga ciki yake cin tsatsa, ba mai ganinsa sai an fasa bango. Gara ma haka take, ta cinye cikin katako ta bar bayansa kamar lafiyayye, sai an ɗaga kwano a taɓa shi ya ruguje. Da ya ɗora sabon kwano a kan ruɓaɓɓen katako ya yi shiru, da cutar ta fi haka. Laifinsa shi ne bai tsayar da aiki ya kira ki ya nuna miki ya faɗi kuɗi kafin ya ci gaba ba. Haka ake yi a aikin da aka tsara: duk wani canji, a amince da shi da farashinsa tukuna.

Kin ce ba ki tuna ba. Kafin ki rantse a kan haka, ki zauna ki bi saƙonninku na WhatsApp tun daga ranar farko, har da na murya. Wata huɗu da yawa ne, kuma mai gida a tsakiyar gyara yakan ce "to a canja kawai" yana tsaye a bakin ƙofa da yaro a hannu, ya manta. Idan kin sami irin wannan, kin amince da aikin ke nan ko da ba a yanke kuɗi ba, abin da ya rage shi ne a biya shi farashin da ya dace, wanda masu sana'ar za su ce haka ake yi. Idan ba ki samu ba, duk da haka ki ce ya nuna: ina tsofaffin bututun da ya cire, ina rasit na sababbin, ina hoto. A sa tsani a leƙa cikin silin, sabon katako ba ya ɓuya a cikin tsoho, launinsa kaɗai ya isa. A ƙirga, a auna tsawo. Abin da aka gani da ido, ra'ayina ki biya kuɗin kayan da ladan da ya dace, don yana cikin gidanki kuma ke za ki mora. Abin da ya kasa nunawa, babu shi a lissafi.

Saƙonnin nan kuma ki adana su a wani wuri bayan wayarki, tare da shaidar duk kuɗin da kika tura ta banki. Kada rashin takarda ya karya miki gwiwa. Jingar baki jinga ce, wahalarta kawai tabbatarwa, kuma saƙon da ya ce "na ga kuɗi, saura kaza" ya kan yi aikin da takarda za ta yi.

Leburorin da suka zo ƙofarki, kada ki haɗa su da fushin da kike yi da ubangidansu. Shi ya ɗauke su, shi suke bi, wannan haka yake. Amma gumin nasu a gidanki ya zuba, kuma kin san hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Hanyar da za ta fisshe ki ita ce ki ce masa kin yarda ki biya su kai tsaye daga cikin cikonsa, a gabansa, ya faɗi abin da kowannensu ke bi, su sa hannu shi ma ya sa. Kada ki ba su a bayan idonsa, don gobe zai ce bai san zancen ba, kin yi kyauta ke nan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wasu wurare: a jihohin Amurka da yawa, ƙaramin ma'aikaci ko mai sayar da kayan gini da ba a biya ba yana iya ɗora da'awar bashinsa a kan gidan kansa, ko da mai gidan ya riga ya sallami babban ɗan kwangila.

Barazanar cire ƙofofi kuwa, kada ta hana ki barci. Abin da aka riga aka kafa a jikin gini ya zama na ginin, mai bin bashi ba ya zuwa ya ɓalle shi da hannunsa. Kada ki goge saƙon. Ki ba shi amsa a rubuce, layi biyu: ba ki ba shi izinin shiga gidan ba sai ranar da kuka sa, kuma ba ki yarda a cire komai ba. In yana da makulli a hannunsa, a canja kwaɗo yau. Idan ya zo da ƙarfi, wannan ne wurin kiran 'yan sanda. Amma kada ke ki kai shi wurinsu a kan tayil da ciko. Rigimar jinga ba laifin da ake tsare mutum ba ce, kuma ranar da aka kwana da shi a ofishinsu, ranar sulhu ya mutu. Haka ma sa hotonsa a Facebook da kiransa ɓarawo. Zuciya za ta yi sanyi na awa ɗaya, daga nan ke ce za ki koma mai kare kanki a kan ɓata suna.

Idan lissafi ya kammala a hannunki, ki rubuta masa saƙo guda, ba zagi ba gori. Wani abu kamar haka: "Malam, na gode da aikin da aka yi. Jingarmu kaza ce, na biya kaza a ranaku kaza. Ga abubuwa uku da ba su yi ba, ga hotunansu. Wanda ya duba ya ce gyaransu zai ci kaza. Na riƙe wannan adadin har a gyara. Sauran cikon na tura maka yau. Ƙarin bututu da katako, ka kawo rasit mu duba tare ranar kaza. Ina so a fara gyara cikin kwana 14. In ba a fara ba, zan ba wani, in biya shi daga abin da na riƙe." Ki tura kuɗin ta banki, ki rubuta a jikin turawar ko na mene ne. In kuma ƙiyasin gyaran ya cinye kashi 30 ɗin gaba ɗaya ko ya wuce, sai ki faɗa masa haka da alƙaluma, babu abin turawa, kuma kina da hujjar da za ki tsaya a kanta ko'ina.

Za ki ce don me za ki sake barin wanda ya ɓata ya taɓa miki gida. Na fahimce ki. Amma ba shi dama sau ɗaya yana cikin haƙƙinsa kuma yana cikin amfaninki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya karɓi kuɗin, shi ya kamata ya gyara da kuɗinsa. Dokar kare masu saye ta Birtaniya ta 2015 ma a kan wannan jerin ta tafi: aikin da ba a yi da kulawa da ƙwarewar da ta dace ba, a fara da neman mai aikin ya sake shi, in ya gagara ko ya ja lokaci sannan a rage farashi. Kuma duk wanda zai shiga tsakaninku nan gaba, tambayarsa ta farko ita ce, "Kin ce ya zo ya gyara?" Ki zama mai amsa "e, ga saƙon."

Ga abin da na sha gani: ɗan kwangilar da ke tada jijiyar wuya haka, sau da yawa kuɗin aikinki ya riga ya tafi wani aikin, ko ya yi araha wajen jinga don ya samu aikin sai kaya suka fi ƙarfinsa, yanzu mai siminti na binsa, leburori na binsa. Wannan ba uzuri ba ne, amma saninsa zai taimake ki. Mutumin da aka matse yakan sauko da zarar ya ga wani abu ya shigo hannunsa kuma ya ga hanyar samun sauran a fili. In ya ce ba shi da kuɗin sayen kayan gyara, ki sayo tayil da simintin da kanki daga abin da kika riƙe, ki ajiye rasit, shi ya kawo hannu.

Zaman da za ku yi, a gidan za a yi shi, a tsaye a kan tayil ɗin da ke da alamar alli, da bokitin ruwa a kusa. Ki sanar da maigidanki komai kafin ranar, ku zama baki ɗaya, kada a kira shi a waya a samu wata magana daban. Ƙaninki ya zo in yana so, amma kada ya zama alƙali. Yana tsakanin yayarsa da abokinsa, duk inda ya karkata zai yi asara, shi ya sa yake so a biya a wuce wurin. Ki tausaya masa ki cire shi daga ciki. A samu wanda ku biyu kuka yarda da shi, dattijo a cikin masu sana'ar ko wani daga ƙungiyarsu in suna da ita. Idan sulhu ya ƙi, wasiƙar lauya guda ɗaya takan motsa abin da wata uku na kiran waya bai motsa ba. Bayan ita sai kotu, kuma ƙasashe da yawa suna da ɓangaren ƙananan basussuka inda mutum ke tsayawa da kansa ba sai da lauya ba. Ki ɗauke ta a matsayin ƙofar ƙarshe, ki kuma auna abin da za ki kashe da abin da kike nema kafin ki shiga.

Duk abin da kuka daidaita a kai, a wannan karon a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ware aboki ko ɗan'uwa ba. Takarda ɗaya ta isa: abin da za a gyara, ranar gamawa, abin da za a biya bayan kowane mataki, sa hannunku da na shaidu biyu. Biya ya riƙa bin aiki a baya, kada ya sha gabansa. Rabin da kika bayar tun ba a kafa ƙusa ba shi ya sa igiyar ta koma hannunsa. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ba ta yarda mai gyaran gida ya karɓi kafin alƙalamin da ya wuce kashi 10 cikin 100 ko dala 1,000 ba, duk wanda ya fi ƙanƙanta. A takardar kuma ki sa cewa ko bayan an gama za ki riƙe kashi 5 cikin 100 na ɗan lokaci. Wannan ba ƙirƙirarki ba ce, haka ake yi a manyan kwangilolin gini, a riƙe wani kaso wata 6 zuwa shekara don aibin da ba ya fitowa sai an zauna a wuri, kuma shi ma ya san da haka.

A wasiƙarki ba ki yi ƙorafi a kan kwanon ɗakin yara ba, ina zaton don ba a yi ruwa ba tun da aka sa shi. Wannan kaso 5 ɗin nasa ne. Ki jira a yi ruwan sama mai ƙarfi sau biyu ko uku, ki shiga ɗakin da fitila ki ɗaga kai ki bi silin kusurwa-kusurwa, ki shafa bangon da hannu. In kin same shi a bushe, ki tura masa ragowar a ranar ba sai ya tambaya ba, ya rubuto miki cewa ya karɓi haƙƙinsa duka babu sauran bashi tsakaninku. Allah ya kawo maigidan lafiya, ya sa a rabu cikin mutunci.